Tiransfar Bitcoin da ta maƙale: Muhawarar ƙara caji ta ƙare, aiki ya rage wa masu ƙera lalita

A ranar 20 ga Afrilun 2024 aka haƙo bulok na 840,000 a tsarin Bitcoin, wanda a kansa ne aka raba ladan masu haƙa gida biyu karo na huɗu. A kan wannan bulok ɗin kuma aka ƙaddamar da tsarin Runes, wanda ya sa dubban mutane suka yi ca a kan hanya lokaci guda. A ranar, matsakaicin cajin tura Bitcoin ya haura dala 100. Duk wanda ya tura kuɗi 'yan sa'o'i kafin nan da cajin da aka saba biya, sai ya wayi gari tiransfarsa tana rataye: kuɗin bai isa hannun mai karɓa ba, bai kuma dawo wa mai shi ba.

Mutanen da abin ya shafa sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda lalitarsu, wato manhajar ajiyar kirifto da aka fi sani da walat, take da maɓallin ƙara caji. Waɗannan suna da zaɓi: su ƙara kuɗi tiransfar ta wuce, ko su yi haƙuri har kasuwa ta sauka. Akwai kuma waɗanda lalitarsu ba ta da wannan maɓalli. Su kam ba su da abin yi sai kallon allon waya. Tsarin Bitcoin ɗaya ne ga dukkansu, bambancin kawai shi ne manhajar da kowa ya saukar.

Wannan bambanci bai kamata a ci gaba da lamuntarsa ba. An shafe kusan shekara goma ana jayayya kan ko ya dace a bar mutum ya maye gurbin tiransfar da ba a tabbatar ba da wata mai caji mafi tsoka. Yau jayayyar ta ƙare a matakin tsarin kansa. Abin da ya rage shi ne masu ƙera lalita su yi abu biyu: su ba mai turawa maɓallin, su kuma faɗa wa mai karɓa gaskiya game da kuɗin da bai tabbata ba. Lalitar da ta gaza a ɗaya daga cikin waɗannan, kaya ce mai naƙasa, komai kyan fuskarta.

Me ke sa tiransfa ta maƙale?

Idan mutum ya danna maɓallin turawa, kuɗin ba ya shiga kundin bulokcen kai tsaye. Lalitarsa tana sanya hannu a kan saƙon tiransfar, ta watsa shi ga kwamfutocin da ke riƙe da tsarin a faɗin duniya. Kowace kwamfuta tana ajiye saƙon a wani zauren jira da ake kira Mempool. Daga wannan zaure ne masu haƙa ke zaɓar tiransfofin da za su zuba a bulok na gaba, wanda ke fitowa kusan duk minti 10.

Matsalar ita ce bulok yana da iyaka. Tiransfofi dubu kaɗan yake ɗauka. Lamarin ya yi kama da tashar mota ranar jajiberin salla: mota ɗaya ce ke tashi duk minti 10, kujerunta ƙayyadaddu ne, kuma direba yana fara ɗaukar wanda ya fi biya. Wanda ya biya kuɗin ranar Talata ta yau da kullum zai iya kwana a tasha yana kallon waɗanda suka zo bayansa suna wucewa.

Abu na biyu da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ba a lissafa cajin Bitcoin da yawan kuɗin da aka tura. Ana lissafa shi ne da girman saƙon. Ma'aunin shi ne satoshi nawa aka biya kan kowane baiti, abin da lalitoci ke rubutawa sat/vB. Satoshi miliyan 100 ne ke yin Bitcoin 1. Tiransfa ta yau da kullum a adireshin SegWit, mai ɗauko kuɗi daga wuri ɗaya ta kai su wuri biyu, girmanta kimanin baiti 141 ne, ko da dala 10 ta ɗauka ko dala miliyan 10.

Lalita tana hasashen cajin da ya dace ne ta hanyar duba cunkoson da ke zauren jira a lokacin turawa. Hasashe kuwa yana iya kuskure. Minti biyar bayan turawa cunkoso na iya ninkawa, cajin da ya isa ɗazu ya zama bai kai ko'ina ba. An ga haka a Disambar 2017, lokacin da matsakaicin caji ya haura dala 50. An sake gani a Mayun 2023, lokacin da guguwar BRC-20 ta tara tiransfofi sama da 400,000 a zauren jira. Ba laifin mai turawa ba ne, haka kasuwar take.

Yadda maye gurbi ke aiki

Hanyar da aka tanada domin wannan matsala ana kiranta Replace-by-Fee, a taƙaice RBF. Ma'anarta mai sauƙi ce. Mai turawa yana sake rubuta tiransfar, yana amfani da ainihin kuɗin da ya yi amfani da su a ta farko, amma ya ƙara caji. Tunda kuɗin ɗaya ne, tiransfofin biyu ba za su taɓa shiga kundi tare ba. Kwamfutocin tsarin sai su jefar da tsohuwar su riƙe sabuwar, masu haƙa kuma su ɗauke ta domin ta fi riba.

Akwai sharuɗɗa. Sabuwar tiransfar dole ta biya jimillar caji da ya fi na wadda za ta maye gurbinta, har da ɗan ƙarin da zai biya wahalar sake yaɗa ta a tsakanin kwamfutoci. An kuma ƙayyade cewa maye gurbi ɗaya ba zai kori tiransfofi fiye da 100 daga zauren jira ba. An sa waɗannan sharuɗɗa ne domin kada wani ya riƙa cika hanya da sauye-sauye na banza ba tare da ya biya ko sisi ba.

Daga ina ƙarin cajin ke fitowa? Yawanci daga canjin mai turawa. Bitcoin yana aiki kamar takardar kuɗi: wanda ke da takardar 1,000 zai biya 700, sai canjin 300 ya dawo masa. Idan aka ƙara caji, lalita tana rage wannan canjin ne, mai karɓa kuma ya samu kuɗinsa cif. Idan babu canji, kamar wanda ya kwashe duk abin da ke lalitarsa, to sai dai a rage daga abin da mai karɓa zai samu.

Misali zai fayyace abin. A ce mutum ya tura tiransfa mai baiti 141 a kan satoshi 5, wato ya biya satoshi 705. Sai kasuwa ta tashi zuwa satoshi 40. Da RBF, zai sake tura ta da cajin satoshi 5,640, kuma wannan shi ne duk abin da zai biya, domin cajin farko ya faɗi tare da tsohuwar tiransfar.

Akwai wata hanya ta biyu mai suna CPFP, wadda ma'anarta ita ce ɗa ya biya wa uwa. A nan ana ƙirƙirar sabuwar tiransfa da ke kashe kuɗin da ke cikin wadda ta maƙale, a ɗora mata caji mai yawa, ta yadda mai haƙa ba zai samu na ɗan ba sai ya ɗauki uwar. Manhajar Bitcoin Core ta fara lissafa uwa da ɗa tare tun 2016. Amfanin wannan hanya shi ne mai karɓa ma zai iya yin ta. Illarta kuwa tsada. A misalin da ke sama, idan ɗan yana da baiti 110, dole a biya wa baiti 251 gaba ɗaya a kan satoshi 40, wato satoshi 10,040. Kusan ninki biyu ke nan na abin da RBF ya ci, ga kuma cin wuri a bulok. Saboda haka lalitar da ta hana mai ita RBF tana tura shi ne ga hanya mafi tsada, idan ma tana da ita.

Shekara goma ana kai ruwa rana

Tunanin maye gurbin tiransfa ba sabo ba ne. Manhajar farko da Satoshi Nakamoto ya fitar a 2009 tana da wani gurbi na lambar jeri da ke ba da damar sauya tiransfar da ba ta shiga bulok ba. Amma a wancan tsari sauyin kyauta ne, abin da ya buɗe ƙofar cika hanya da shara. A 2010 aka kashe shi. Daga nan kwamfutocin tsarin suka koma bin al'adar riƙe tiransfar da suka fara gani, su yi watsi da duk wadda ta zo daga baya tana karo da ita.

A kan wannan al'ada wasu 'yan kasuwa suka gina sana'a. Suna karɓar biyan kuɗi da zarar sun ga tiransfa a zauren jira, ba tare da jiran bulok ba. Da Peter Todd ya fara matsa lamba a dawo da maye gurbi, wannan karon da biyan caji, sai aka yi masa ca. Mike Hearn, ɗaya daga cikin fitattun masu rubuta manhajar Bitcoin a lokacin, ya rubuta doguwar maƙala a 2015 yana adawa da shi.

Aka yi sulhu a tsakiya. A ƙarshen 2015 David Harding da Peter Todd suka rubuta daftarin BIP 125, wanda ya ce za a iya maye gurbin tiransfa ne kawai idan mai turawa ya sa mata alama tun farko cewa tana iya sauyawa. Wannan ya shiga Bitcoin Core 0.12 a Fabrairun 2016. A 2017 manhajar ta samu umarnin ƙara caji na kanta. Masu Bitcoin Cash kuwa, da suka ɓalle a Agustan 2017, sun cire RBF daga nasu tsarin baki ɗaya.

Rikicin ya sake tashi a ƙarshen 2022, lokacin da Bitcoin Core 24 ta zo da wani zaɓi da ke ba mai kwamfuta damar karɓar maye gurbi ko da babu alama. Zaɓin a kashe yake sai wanda ya ga dama ya kunna. Duk da haka masu lalitar Muun da kamfanin Bitrefill da John Carvalho na kamfanin Synonym sun fito fili sun koka. Bayan shekara biyu, a Oktoban 2024, Bitcoin Core 28 ta fito da zaɓin a kunne, bisa hujjar cewa manyan kamfanonin haƙa sun riga sun rungume shi. A 2025, Bitcoin Core 29 ta cire zaɓin gaba ɗaya, maye gurbi ya zama ɗabi'ar manhajar ta dindindin.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, a yau duk wata tiransfar Bitcoin da ba ta shiga bulok ba ana iya maye gurbinta, da alama ko babu alama.

Hujjar masu adawa ba ta banza ba ce

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Maɓallin da ke ba mutum damar ƙara caji shi ne kuma ke ba shi damar sauya adireshin mai karɓa. Mazambaci zai iya tura kuɗi da ƙaramin caji, ya nuna wa mai shago, ya karɓi kaya, yana fita ya maye gurbin tiransfar da wata da ke mayar da kuɗin aljihunsa. Masu adawa sun ce al'adar riƙe tiransfar farko, ko da ba ta cika ba, tana rage irin wannan zamba sosai, kuma 'yan kasuwa sun iya lissafa ɗan haɗarin da ya rage kamar yadda masu karɓar katin banki ke yi. Sun ce babu mai sayen shayi da zai tsaya jiran minti 10, wani lokacin ma sa'a guda, kafin a miƙa masa kofi.

Akwai kuma illa ta sirri. Idan aka maye gurbin tiransfa aka rage ɗaya daga cikin kuɗaɗen da ke fita, mai bibiyar kundi zai gane nan take cewa wanda aka rage shi ne canjin mai turawa. Wannan bayani ne da kamfanonin bin diddigi ke so.

Duka waɗannan gaskiya ne. Amma ba su kai su hana abin da aka yi ba, saboda dalili ɗaya babba: al'adar riƙe tiransfar farko ba ta taɓa zama dokar Bitcoin ba. Ladabi ne kawai da kwamfutoci ke yi wa juna. Dokar tsarin ta san abu ɗaya ne, wato abin da ya shiga bulok. Mai haƙa yana da 'yancin ɗaukar duk tiransfar da ya ga dama, kuma babu wata hanya ta hukunta shi idan ya ɗauki wadda ta fi biya. Tsaron da ya dogara ga mai neman riba ya bar riba don kunya, tsaro ne na ɗan lokaci. Tun kafin RBF, wanda ya san hanya yana iya aika tiransfofi biyu masu karo da juna zuwa sassa daban-daban na tsarin, ko ya miƙa ta biyun ga mai haƙa kai tsaye. Tsohon tsarin bai hana ƙwararren ɓarawo komai ba. Wanda ya hana shi ne talakan mai amfani da ya yi kuskuren caji.

Matsalar mai shayi kuwa an samo mata magani a wani wuri. Hanyar Lightning, wadda Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka gabatar a 2015, tana kammala ƙananan biyan kuɗi cikin daƙiƙoƙi ba tare da jiran bulok ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba

Masu cewa a bar mutum ya yi haƙuri ya jira suna mantawa da wani abu. Tiransfar da ta maƙale ba ta mutuwa da sauƙi. Bitcoin Core tana jefar da ita daga zauren jira bayan kwana 14, ko kafin nan idan zauren, wanda girmansa na asali megabaiti 300 ne, ya cika. Amma jefarwar ba sokewa ba ce. Sa hannun da ke kanta yana nan daram, kuma duk wanda ke da kwafinta zai iya sake watsa ta ko bayan wata guda.

A nan ne asara ke faruwa. Mutum ya tura kuɗi sun maƙale, mai binsa bashi ya matsa masa, sai ya sake tura wasu daga ragowar kuɗin da ke lalitarsa da caji mai kyau. Na biyun suka isa. Bayan mako guda kasuwa ta sauka, sai ta farkon ma ta shige. Ya biya sau biyu ke nan, kuma Bitcoin ba shi da ofishin kai ƙara. RBF ya toshe wannan rami gaba ɗaya, domin tiransfar farko da ta biyu kuɗi ɗaya suke kashewa, ɗaya ce kawai za ta rayu. Lalitar da ba ta da shi tana barin mai ita a bakin wannan rami ba tare da ko gargaɗi ba.

Haɗari na biyu shi ne masu kiran kansu masu hanzarta tiransfa. Akwai na gaskiya: kamfanin haƙa na ViaBTC ya daɗe da irin wannan hidima, shafin mempool.space ma yana da tasa. Amma a gefensu akwai shafukan bogi da ke farautar wanda ya ruɗe, su karɓi kuɗi a banza, wasu har su nemi kalmomin sirrin lalita. Wanda ke da maɓallin ƙara caji a wayarsa ba ya buƙatar zuwa ƙofar kowa.

Wa ya yi, wa ya rage?

Ba za a ce abin yana da wuyar yi ba, domin wasu sun yi shi tuntuni. Electrum tana da ƙara caji da soke tiransfa. Sparrow tana da RBF da CPFP duka. BlueWallet ta kawo su wayar hannu. Trezor Suite ma tana da maɓallin ƙara caji. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne ke rubuta su kyauta. Idan su sun iya, babu uzuri ga manhajar da ke tallar ɗaukar ɗaruruwan nau'o'in kirifto, tana karɓar la'ada a kan kowace musaya, amma ta bar mai Bitcoin a tsaye ranar cunkoso. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duniyar Ethereum ta nuna cewa mutane suna iya fahimtar abin idan aka sauƙaƙa shi. A can kowace tiransfa daga asusu tana da lambar jeri, kuma sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwa tana maye gurbinta muddin ta ƙara caji da aƙalla kashi 10 cikin 100 a manhajar Geth. MetaMask ta mayar da wannan maɓallai biyu, ɗaya na hanzartawa ɗaya na sokewa. Miliyoyin mutane suna danna su ba tare da sun san abin da ke ƙarƙashi ba, kuma babu wanda ya ce sun rusa Ethereum.

Wanda ya ajiye kuɗinsa a dandalin musaya kuwa, maɓallin ba a hannunsa yake ba, domin dandalin ne ke sa hannu. A Mayun 2023 Binance ta dakatar da cirar Bitcoin har sau biyu saboda cunkoso, sannan ta sanar cewa tana maye gurbin tiransfofin da suka maƙale da wasu masu caji mafi girma. Wato babban dandalin musaya na duniya da kansa ya fita daga matsala ne da wannan hanya. Abin da ya halatta ga babban kamfani bai kamata a hana ƙaramin mai lalita ba.

Ɓangaren mai karɓa: darasi ga 'yan P2P

Rabin aikin lalita shi ne maɓalli, ɗaya rabin kuma shi ne gaskiya. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Bayan Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna mu'amala da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ciniki tsakanin mutum da mutum ya bunƙasa, kuma bai mutu ba ko bayan an sassauta hanin a Disambar 2023. Kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024. Cinikin da ake yi a cikin dandali, inda dandalin ke riƙe kuɗin a tsakiya, wannan matsala ba ta shafe shi ba. Wanda ta shafa shi ne cinikin da ake ƙullawa a WhatsApp da Telegram ko ido da ido, inda Bitcoin ke tashi daga lalita zuwa lalita, naira kuma ta bi ta banki.

Duk mai sana'ar POS ya san alat na bogi, ya kuma san cewa ba a sakin kuɗi sai an duba asusu. Tiransfar Bitcoin da ba ta da tabbaci ko ɗaya ita ce alat ɗin bogin wannan duniya, sai dai ta fi shi haɗari, domin tana bayyana a cikin lalitar mai karɓa da kanta, ba a hoton da wani ya turo ba. Wanda ya saki naira a kan ta ya yi cinikin biri a sama. Lalitar da ke haɗa irin wannan kuɗi cikin jimillar abin da mutum ya mallaka, ko ta rubuta masa cewa kuɗi sun shigo da koren rubutu, tana taya mazambaci aiki ne ko ba ta sani ba.

Rashin fahimtar wannan ya taɓa girgiza kasuwa baki ɗaya. A Janairun 2021 aka yi ta yaɗa labarin cewa an kashe Bitcoin ɗaya sau biyu, abin da ya tsorata masu zuba jari. Da aka bincika, sai aka ga bulok biyu ne suka fito kusan lokaci guda, kowanne ɗauke da nau'i daban na tiransfar wani da ya yi ta ƙara caji, kuɗin kuma bai wuce dala ashirin da 'yan kai ba. Tsarin ya zaɓi bulok ɗaya ya bar ɗayan, kamar yadda aka tsara shi ya yi. Wannan ne ma ya sa al'adar jiran tabbaci 6 ga manyan kuɗi take nan har yau.

Abin da ya kamata kowace lalita ta tanada

Na farko, maɓallin ƙara caji a jikin kowace tiransfa da ke jira, a fili, ba a ɓoye cikin saitin ƙwararru ba.

Na biyu, bayani kafin a danna: nawa aka biya da farko, nawa za a biya yanzu, daga ina ƙarin zai fito, kuma ko abin da mai karɓa zai samu zai ragu. A nuna jimillar da kuɗin da mutum ya sani, ba da sat/vB kaɗai ba.

Na uku, birki. Wanda ya ruɗe yana iya rubuta jimillar satoshi a gurbin da ake neman satoshi kan kowane baiti, cajin ya ninka sau ɗari. Kuskuren caji ba na sababbin shiga kaɗai ba ne: a Satumbar 2023 kamfanin Paxos ya biya kusan Bitcoin 20, kimanin dala dubu 500, a matsayin cajin tiransfa ɗaya, sai da kamfanin haƙa na F2Pool ya mayar masa. Ƙaramin mutum ba lallai ya samu wannan gatan ba. Lalita ta ƙi wucewa, ko ta yi gargaɗi mai ƙarfi, idan caji ya wuce hankali.

Na huɗu, gaskiya game da sokewa. Soke tiransfa a Bitcoin ba komai ba ne illa maye gurbinta da wata da ke dawo da kuɗin gida. Tsere ne, kuma idan mai haƙa ya riga ya ɗauki ta farko, magana ta ƙare. Bayan tabbaci ɗaya babu maɓallin da zai dawo da komai.

Na biyar, bin sawu. Maye gurbi yana sauya lambar shaidar tiransfa, don haka wanda aka ba tsohuwar lamba zai duba ya ga babu ita. Lalita ta haɗa tsohuwa da sabuwa a wuri ɗaya, ta tunatar da mai turawa ya aika sabuwar lamba.

Na shida, a ɓangaren mai karɓa, a ware kuɗin da ke jira daga kuɗin da suka tabbata, a rubuta ƙarara cewa waɗannan suna iya ɓacewa, a kuma ba shi damar CPFP idan yana gaggawa.

Kafin masu ƙera lalita su gyara, nauyin yana kan mai amfani. Lokacin duba ko lalita tana da waɗannan abubuwa shi ne kafin a zuba mata kuɗi, ba ranar da tiransfa ta maƙale ba. Gwaji da ƙaramin kuɗi a ranar da hanya ba cunkoso ya isa ya nuna ko maɓallin yana nan. Mai turawa kada ya sake biyan kuɗin da suka maƙale da sabuwar tiransfa daban. Mai karɓa kuma kada ya saki kaya ko naira sai ya ga aƙalla tabbaci ɗaya, ya ƙara jira idan kuɗin masu yawa ne. Lalitar da ta kasa ba da waɗannan, akwai wasu kyauta da suka iya, kuma komawa gare su ba ya ɗaukar fiye da tiransfa ɗaya.